Nikita Katsalapov: laifin da aka ɗora masa da wanda ya ɗauka da hannunsa

Ranar 7 ga Agustan 2024, a gaban hasumiyar Eiffel da ke Paris, aka rataya wa 'yan wasan Amurka lambobin zinare na wata gasa da aka kammala a kan ƙanƙara a Beijin shekara biyu da rabi kafin nan. 'Yan Japan suka karɓi azurfa. 'Yan Rasha, waɗanda su ne suka zo na ɗaya a ranar da aka yi gasar kafin daga baya a mayar da su na uku, ba sa cikin taron. Ɗaya daga cikinsu shi ne Nikita Katsalapov, gwanin rawar kan ƙanƙara, haifaffen Mosko a 1991. Ba a taɓa kama shi da shan ƙwayar ƙara kuzari ba, amma zinaren ya kuɓuce masa.

Tun daga 2022 mutane suka kasu biyu a kan 'yan wasan Rasha. Wasu na cewa a kore su baki ɗaya har sai yaƙin Yukren ya ƙare. Wasu na cewa wasa daban, siyasa daban, a bar yara su yi sana'arsu. Ina ganin duka ɓangarorin biyu kuɗin goro suke yi wa lamarin, kuma rayuwar wasa ta wannan mutum ɗaya ta isa ta nuna haka. Akwai abin da aka hukunta shi a kai wanda ba shi ya aikata ba, akwai kuma abin da ya aikata da ƙafarsa da rigarsa, a gaban dubban mutane, wanda ba wanda zai iya ɗauke masa.

Wanda bai saba kallon wasan ba zai iya ɗauka rawa ce kawai. Mutum biyu ne, namiji da mace, kowanne a kan takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, suna gudu a kan ƙanƙara suna bin kiɗa. Ba a yin manyan tsalle a cikinta, ba a jefa abokiyar rawa sama kamar yadda ake yi a ɗaya wasan na mutum biyu. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne yadda ƙarfen ke yankar ƙanƙara, da kusancin mutum biyun, da ɗaukar da namiji ke yi wa mace yana cikin gudu, da wani juyi da ake yi a ƙafa ɗaya ana tafiya, su biyun a lokaci guda, wanda ake kira tuwizil. Ƙafa ta ɗan goce na rabin daƙiƙa, aikin shekara ya tafi. Rashawa kuma sun daɗe suna ganin wannan wasa gadonsu ne. Lokacin da aka fara saka shi a gasar Olamfik a Innsbruck a 1976, Lyudmila Pakhomova da Aleksandr Gorshkov na Tarayyar Sobiyet ne suka ɗauki zinaren farko. Daga nan har zuwa 2006, in ka cire 1984 da Turawan Ingila Torvill da Dean suka ci, da 2002 da Faransa ta ci, duk sauran 'yan Sobiyet ne ko 'yan Rasha. Ita ma ta Faransa ɗin, Marina Anissina, a Mosko aka haife ta, a can ta koyi wasan.

A wannan gida Katsalapov ya taso. Shi da Elena Ilinykh suka ci gasar matasa ta duniya a 2010. A gasar Olamfik ta Sochi a 2014, yana ɗan shekara 22 ita tana 19, suka ci tagulla a bayan Davis da White na Amurka da Virtue da Moir na Kanada, suka kuma samu zinare a gasar ƙungiya, wadda a shekarar aka fara yin ta. Manyan da ke gabansu na shirin hutawa, kowa ya ɗauka mulki ya zo hannunsu. Bayan 'yan makonni, a gasar duniya a Saitama ta Japan, Katsalapov ya goce a juyin tuwizil a rawar farko. Suka ci rawa ta biyu, amma suka ƙare na huɗu, tsakaninsu da zinare maki ɗaya da 'yan kai. A watan Afrilu aka ji sun rabu. Ya ɗauki Victoria Sinitsina, wadda take rawa da Ruslan Zhiganshin, ita kuma Ilinykh ta koma wurin Zhiganshin ɗin.

Masoya wasan a Rasha ba su yafe masa da wuri ba, kuma shekarun da suka biyo baya sun zama kamar suna ba su gaskiya. Shi da Sinitsina suka tafi Michigan ta Amurka wurin mai horarwa Marina Zueva. A gasar ƙasa ta Rasha ta kakar farko, Ilinykh da Zhiganshin suka zo na ɗaya, su kuwa na huɗu. A gasar duniya ta 2016 suka zo na tara. Suka dawo Mosko, suka sauya masu horarwa, har suka tsaya a hannun Aleksandr Zhulin. A Disambar 2017, a gasar ƙasa wadda da ita ake zaɓen masu zuwa Olamfik, rauni a ƙafa ya sa ya tsayar da rawa a tsakiya, suka janye. Pyeongchang ta 2018 ta wuce su. Mutumin da ya hau dandamalin Olamfik sau biyu yana ɗan 22 ya kalli ta gaba a talabijin yana ɗan 26, shekarun da wasu ke fara tunanin ajiye takalmi.

Ina girmama abin da ya biyo baya, kuma ba zan rage masa komai ba saboda abin da zan faɗa a gaba. A 2019 suka ci azurfa a gasar duniya, a Saitama ɗin da ta kunyata shi. A Janairun 2020 a gasar Turai a Graz ta Ostiriya suka doke Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron na Faransa da tazarar maki 0.14, alhali tun bayan Olamfik ta 2018 ba wanda ya kayar da Faransawan nan. An yi ta gardama a kan alƙalancin ranar, kamar yadda aka saba a wannan wasa da idon mutum ke yanke hukunci, amma ba wanda ya ce ba su kai su tsaya kusa da su ba. A 2021 a Stockholm suka zama zakarun duniya, na farko daga Rasha a wannan fanni tun 2009, ko da yake Faransawan ba su halarta ba. Ba a ɗaga tutar Rasha ba, ba a buga taken ƙasarsu ba, sai wani kiɗan Tchaikovsky aka saka a madadinsa. Dalili shi ne hukuncin da aka yanke wa Rasha a kan maguɗin ƙwayoyi da hukumominta suka shirya, wanda ya haɗa da musanya fitsarin 'yan wasa a ɗakin gwaji na Sochi. Wannan hukunci ban ga aibunsa ba. Gwamnati ce ta yi laifi, aka hana ta tuta da take, aka bar ɗan wasan da ba a same shi da komai ba ya yi wasansa.

Sai Olamfik ta Beijin a Fabrairun 2022. A gasar ƙungiya kowace ƙasa na fitar da namiji ɗaya, mace ɗaya, da 'yan bibbiyu na fanni biyu, ana tara maki. Sinitsina da Katsalapov suka zo na biyu a duka rawarsu biyu, suka kawo maki 18. Kamila Valieva, yarinya 'yar shekara 15, ta ci nata wasannin biyu ta kawo 20. Rasha ta tashi da 74, Amurka 65, Japan 63, Kanada 53. Kafin a raba lambobin, sakamakon gwajin da aka yi wa Valieva tun 25 ga Disambar 2021 a St. Petersburg ya fito daga ɗakin gwaji na Stockholm, an ga maganin zuciya mai suna trimetazidine, wanda aka haramta. Aka dakatar da bikin. Bayan kwanaki Sinitsina da Katsalapov suka ci azurfa a tasu gasar da maki 220.51, a bayan Papadakis da Cizeron da suka kafa tarihi da 226.98. Shari'ar yarinyar kuwa ta ja har 29 ga Janairun 2024, ranar da kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta dakatar da ita shekara huɗu, ta soke sakamakonta. Hukumar wasan ta duniya, ISU, ta cire makinta 20, Rasha ta koma 54, ta tsira da tagulla da maki ɗaya tak a gaban Kanada.

A nan na rabu da masu kare Rashawa. Zinaren nan bai kamata ya zauna a hannunsu ba, duk da Katsalapov bai sha komai ba. Mu a Najeriya mun san wannan daga ɗaya gefen. A Olamfik ta Sydney a 2000 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 na Najeriya sun zo na biyu a bayan Amurka. Bayan shekaru Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa yana shan ƙwaya, aka ƙwace zinaren, a 2012 aka tabbatar wa Najeriya. Sunday Bada, ɗaya daga cikin huɗun, ya rasu a Disambar 2011 bai ga wannan rana ba. Ba wanda ya ce a bar wa Amurkawa zinaren don tausayin waɗanda ba su sha ba, domin lambar ƙungiya ce, kuma abin da aka gina ta da shi ya ruɓe. Hasali ma an sassauta wa Rasha. Da an matsar da sauran matan da Valieva ta doke sama da mataki ɗaya ɗaya, da Kanada ta samu ƙarin maki biyu ta zama ta uku. Kanada ta kai ƙara a kan haka, kotu ta kore ta, amma har yau ina ganin hujjarta ta fi ƙarfi.

Abin da ke ci mini rai a wannan shari'a wani ne daban. Yarinya 'yar 15 ba ita ke zaɓen abin da za ta haɗiya a sansanin horo ba. Takardun kotun sun nuna an ba ta magunguna da abubuwan ƙarin lafiya fiye da 50 a cikin shekara biyu, tun tana 13. Ita aka dakatar, abokan ƙungiyarta suka rasa zinare, 'yan Amurka da Japan suka jira shekara biyu da rabi, amma manyan da ke kewaye da ita suka ci gaba da harkarsu. ISU ta ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 17, abin kirki ne, sai dai bai amsa tambayar wa ya ba yarinyar maganin ba.

Kwana huɗu bayan rufe gasar Beijin, ranar 24 ga Fabrairu, sojojin Rasha suka kutsa Yukren. Ranar 1 ga Maris ISU ta hana duk 'yan Rasha da Belarus shiga gasanninta. Ba a tambayi kowa ra'ayinsa ba, ba a duba abin da kowa ya faɗa ko ya yi ba, fasfo kawai aka duba. A ranar da aka yanke wannan hukunci, Katsalapov zakaran duniya ne mai riƙe da kambu, bai yi wani abu a bainar jama'a da ya shafi yaƙin ba, aka hana shi zuwa gasar duniya a Montpellier ta Faransa ya kare kambunsa. Da labarin ya tsaya nan, da na ce an zalunce shi, ban ƙara komai ba.

Ranar 18 ga Maris aka yi gangami a filin wasa na Luzhniki a Mosko, don bikin cika shekara takwas da ƙwace yankin Crimea daga Yukren. Shugaba Putin ya yi jawabi yana yabon sojojin da ke yaƙi. Aka fito da 'yan wasan Olamfik kan dandamali da lambobinsu a wuya, a ƙirjin rigunansu akwai harafin Z, irin wanda ake fentawa a jikin tankokin yaƙin da suka shiga Yukren. Katsalapov da Sinitsina na cikinsu. Mako guda bayan haka, a Montpellier, Oleksandra Nazarova da Maksym Nikitin, 'yan rawar ƙanƙara daga Kharkiv ta Yukren, waɗanda suka yi gasa da su a fili ɗaya a Beijin, suka fito da rigunan atisaye masu launin tutar ƙasarsu, shuɗi da rawaya, bayan sun tsere daga garin da ake yi wa ruwan bama-bamai. Suka yi rawar farko, suka janye daga ta biyu. A Janairun 2023 aka kashe Dmytro Sharpar, wani matashin ɗan wasan ƙanƙara na Yukren mai shekara 25, a fagen daga kusa da Bakhmut. Wanda ke cewa wasa daban siyasa daban, ya gaya mini yadda Nazarova za ta shiga fili ɗaya da mutumin da ya rataya alamar tankar da ta harbi unguwarsu, ta miƙa masa hannu bayan gasa. Ba ISU ce ta kawo siyasa cikin wasan Katsalapov a ranar nan ba. Shi ya ɗauki lambar Olamfik ya kai ta dandamalin yaƙi.

Na san amsar da za a ba ni: a Rasha ba a ce wa gwamnati a'a. Akwai gaskiya a ciki. Gwamnati ce ke biyan albashin 'yan wasa, ita ke da filayen ƙanƙara, kuma tun farkon Maris ɗin aka kafa dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda aka ce ya yaɗa ƙarya a kan sojoji. Shi ya sa ba na neman wani ɗan wasan Rasha ya fito ya zagi Putin kafin a bar shi ya yi wasa. Wanda ke zaune lafiya a Landan ko Kano ba shi da bakin neman jarumtar da shi ba a taɓa gwada shi da ita ba. Shiru hakkin mai tsoro ne. Amma tsakanin shiru da hawa dandamali akwai tafiya. Rasha ta kai 'yan wasa fiye da 200 Beijin, 'yan kaɗan ne suka tsaya a Luzhniki. Ɗan wasan tenis Andrey Rublev ya rubuta roƙon a daina yaƙi a jikin kyamara a Dubai a makon farko. Mafi yawa kuwa sun yi gum, sun ci gaba da atisaye. Idan aka yi wa mai shiru da mai Z hukunci iri ɗaya, an gaya wa mai shirun ke nan cewa kamewarsa ba ta da wani amfani, kuma an ba gwamnatin Mosko abin da take so ta ce wa matasanta, wato duniya ta tsane ku ne don ku Rashawa ne.

Akwai hukumomin da suka nuna ana iya bambancewa. Hukumar ninƙaya ta duniya ta dakatar da Evgeny Rylov wata tara saboda halartar wannan gangami na Luzhniki. Hukumar wasan lanƙwasa jiki ta dakatar da Ivan Kuliak shekara ɗaya saboda ya manna Z a ƙirji ya hau dandamali a Doha kusa da ɗan Yukren. An kira sunan mutum, an faɗi abin da ya yi, an faɗi tsawon hukunci, yana da damar ɗaukaka ƙara. Irin wannan ya dace da Katsalapov, kuma da an yi masa shi ba zan ce uffan ba.

Hujja mafi nauyi a kan ra'ayina ita ce Afirka ta Kudu, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. An hana ƙasar Olamfik daga 1964 har 1992, Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fice daga gasar Montreal a 1976 a kan wannan batu, 'yan wasanmu da ba su da laifi suka yi asarar damar da wasunsu ba su sake samu ba. Ina ganin an yi daidai. Sai dai a can wariyar a cikin wasan kanta take: manufar gwamnati ce ta hana baƙar fata shiga tawaga ɗaya da farar fata, don haka tawagar da za ta zo ita kanta laifin ce. Inda hukumar wasannin Rasha ta yi makamancin haka, kamar lokacin da kwamitin Olamfik na ƙasar ya haɗiye hukumomin wasanni na yankunan Yukren da aka mamaye, an dakatar da shi a Oktoban 2023, kuma ya cancanta. A hana hukuma, a hana tuta, a hana take, a hana ƙasar karɓar baƙuncin gasa. Amma idan dokar ita ce duk ƙasar da ta auka wa wata a kori 'ya'yanta daga wasa, to a bayyana mana yadda 'yan Amurka da Birtaniya suka yi maci da tutocinsu a Athens a 2004, shekara ɗaya bayan mamaye Iraƙi. Dokar da ake zaro ta idan mai laifi ba ɗan gida ba ne, ba ta daɗewa kafin mutane su daina ganin girmanta, kuma wannan asara ce ga 'yan Yukren ɗin ma.

Katsalapov da Sinitsina ba su sake shiga gasar duniya ba. Sun yi aure a 2022, sun koma wasannin nishaɗi na cikin gida. Nasu ya wuce. Wanda nake tunani shi ne Ivan Bukin, ɗan Andrei Bukin da ya ci zinare a 1988. A 2018 kwamitin Olamfik ya ƙi gayyatarsa Pyeongchang ba tare da an bayyana dalili ba, ba a kuma taɓa sanar da cewa an kama shi da ƙwaya ba, abokiyar rawarsa Alexandra Stepanova ta zauna gida tare da shi. A Beijin suka zo na biyar. Da ISU ta buɗe ƙofa kaɗan don gasar Olamfik ta Milan ta 2026, ta ce za a tantance 'yan Rasha ɗaya bayan ɗaya su shiga ba tuta, na ce an kama hanya. Aka amince da Adeliia Petrosian da Petr Gumennik a wasan mutum ɗaya, suka kuma ci gasar share fage a Beijin a Satumbar 2025. A rawar ƙanƙara ba a amince da kowa ba, har da Stepanova da Bukin da Rasha ta gabatar. Mai yiwuwa akwai hujja mai ƙarfi. In akwai, a fito da ita fili kamar yadda aka fito da ta Rylov: ga ranar, ga wurin, ga abin da mutum ya yi. Diana Davis da Gleb Smolkin, waɗanda suka wakilci Rasha a rawar ƙanƙara a Beijin, sun sauya sheƙa zuwa Jojiya a 2023, suna shiga kowace gasa ba mai tare su, kuma Davis 'yar Eteri Tutberidze ce, wadda ta horar da Valieva.